Sunan Wa Barau Zai Sa Wa Ɗansa?

Ku gyara zama ku saurara, don hukuncin a hannunku zan bar shi.

Barau direban tanka ne a Gusau. Zaman mota ya sa ya yi ƙiba, ciwon suga da hawan jini suka kama shi. Likita ya ce in bai motsa jiki ba, magani kaɗai ba zai riƙe shi ba. Barau ya koma gida ya kwanta. Wannan ciwon ne ya kashe mahaifinsa, shi kuwa ya riga ya sallama.

A filin wasan garin akwai masu horar da motsa jiki su uku. Na farko, Zubairu, maƙwabcin Barau ne. Bai yi masa wa'azi ba. Kullum bayan sallar asuba sai ya tsaya a ƙofar gidansa, ya ce rakiya yake nema zuwa bakin titi. Kunya ta fito da Barau, tafiyar ta riƙa tsawo, har ranar da ya tsinci kansa a filin.

Ƙafa na tafiya, amma zuciya ba ta yarda ba. Ya riƙa gaya wa na biyu, Isiyaku, cewa wahalar banza ce, ciwon gado ba ya jin gumi. Isiyaku ya tambaye shi yadda marigayin ya yi jinya. Barau ya ce a kwance.

"To, yayana, ciwon ka gada. Kwanciyar kuma kai ka zaɓa."

Maganar ta ɓata masa rai, amma daga ranar ya rage tuwo, ya daina shan lemon kwalba.

Sai tafiyar Legas ta riƙe shi wata da watanni. Ya dawo jiki ya koma yadda yake, ya ɓuya a gida saboda kunya. Na uku, Lukman, ya same shi, bai tambayi komai ba. Ya ce akwai dattawa sababbin shiga da ba sa jin maganar yaro kamarsa, Barau ne zai ja su. Ganin ana jiransa kullum, bai sake fashi ba.

Shekara ta zagayo, likita ya rage masa magani. A makon ne matarsa ta haifi namiji, Barau ya ce sunan wanda ya cece shi zai sa wa yaron.

To, tsakanin wanda ya fito da shi, da wanda ya juya masa tunani, da wanda ya hana shi komawa gidan jiya, wane ne zai samu takwara?