Takardar Ƙosai da Kujera Ɗaya

Ku gyara zama, ga wata ta zo muku, kuma ba za ta tafi ba sai kun yanke mata hukunci.

A ƙauyen Tsamiyar Goje, shekara biyu bayan an ciro jihar Jigawa daga cikin Kano, an yi wata yarinya 'yar aji shida mai suna Barira. Kai gare ta kamar me. Burinta ɗaya ne a duniya, ta ci jarrabawar shiga makarantar kwana, domin ƙauyensu babu sakandare, kuma gurbi ɗaya tak aka ware wa yankinsu. In ta faɗi, karatu ya ƙare ke nan, sai tallar gyaɗa. Lissafi ba ya ba ta tsoro. Inda gizo ke saƙar shi ne darasin zamantakewa, mai tarihin jiha a ciki.

Littafin darasin guda ɗaya ne a makarantar, kuma ya girmi Barira. Malaminsu, Malam Sallau, ya san an yi sabuwar jiha, ba a rami yake kwana ba. Amma ya kafe. "Jarrabawa littafi take bi, ba rediyo ba," in ji shi. Saboda haka kullum safe sai ka ji yara sun cika gari: "Jiharmu Kano! Babban birninta Kano!" Har awakin bayan aji sun kusa haddacewa.

Saura mako uku jarrabawa, kawun Barira, Tanimu direba, ya tsaya a tashar Dutse ya sayi ƙosai. Ya cinye, zai goge hannu da takardar da aka ƙunso masa, sai idonsa ya faɗa kan rubutu. Tanimu aji huɗu ya bar makaranta, amma ya lallaɓa ya haɗa baƙaƙen. Ashe takardar jarrabawar bara ce, kuma duk inda mai bai ɓata ba, Jigawa ce take leƙowa. Ya bar lodin da ya yini yana jira, ya cire hularsa sabuwa ya ba wani mai facin taya, aka ɓalle masa kalanda mai taswirar jihar daga bangon rumfar mai facin. Da mota fanko ya dawo gida yana danna oda tun daga bakin gari. "Barira! An ƙaura da ke kina barci! Fito ki ga jiharki!"

To, ga taswira ta samu, amma sunaye sun yi mata yawa, ga kwana ya ƙure. In ta haddace goma da safe, kafin la'asar bakwai sun gudu. Ta zauna a gindin turmi ta fashe da kuka. Kakarta Iya Kande, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa, ta ce, "Karanto mini in ji, 'yar nan." Barira ta karanto. Tsohuwa ta kwashe da dariya. "Wannan ne abin kukan? Ai duk na taka su da ƙafata, lokacin da nake bin kakanku fatauci." Ta miƙa mata taɓarya. Kowane gari ta ɗora shi a kan bugun daka, da abin da aka san shi da shi: Haɗeja da koginta, Maigatari da kasuwar dabbobi, Birnin Kudu da zanen da mutanen dā suka bari a jikin duwatsu, Gumel, Kazaure, Ringim, sai Dutse a dire taɓarya. Mako uku suna daka. Geron gidan ya ƙare, suka shiga daka wa maƙwabta kyauta, tsohuwa kuwa kafaɗarta ta kumbura amma ba ta ajiye taɓarya ba.

Malam Sallau fa? Da aka kai masa takardar ƙosai, ya daɗe yana dubanta. Washegari ya tsaya gaban yara ya ce, "Na yi kuskure, ku yafe mini." Malami ya faɗi haka gaban 'yan aji shida, ku kun san ba ƙaramin abu ba ne. Shi ne kuma ya zana mata irin takardar amsa da hannunsa, layi-layi, ya koya mata cike gurbi da fensir, ya kafa mata doka: bayan kowace tambaya goma, ta ɗora yatsa a kan lambar tambaya, ta ɗora wani a kan lambar layi, ta ga sun dace. Ta gaji da dokar nan har tana murguɗa baki a ɓoye. Bai sassauta ba.

Ranar jarrabawa ta buɗe takarda, sai ga Jigawa daga sama har ƙasa, kamar yadda kawu ya hango. Amma tsoro ya kama ta, kanta ya zama fayau. Sai ta fara buga ƙafa a hankali ƙarƙashin benci, dum, dum, kamar taɓarya. Garuruwan Iya suka taho a jere. Tana cikin murna ta kai tambaya ta arba'in, ta ɗora yatsu, sai ta ga ashe ta tsallake layi ɗaya, amsa tara duk sun zauna a gidan da ba nasu ba. Ta goge, ta gyara, ana buga ƙararrawa tana ɗaga fensir.

Sakamako ya fito, Barira ce ta ɗaya a yankin, da tazarar maki biyu kacal! Guɗa ta tashi, Tanimu ya zaga gari sau uku da oda, Iya ta taka rawa da kafaɗa a ɗaure, Malam ya juya baya yana share ido da hannun riga.

Sai ga takarda daga Dutse: za a ba ta kyauta gaban jama'a, kuma an ajiye kujera ɗaya a gefenta, ta wanda ya fi taimakonta. Ɗaya fa, ba biyu ba. Ba don kawu ba, da Kano ta je ta rubuta. Ba don Iya ba, da kai fanko ta shiga. Ba don Malam ba, da amsoshinta na daidai sun mutu a layin banza. Yau kwana uku takardar tana hannun yarinya, ta kasa cin tuwo, mota kuma jibi za ta tashi.

To, jama'a, a cikin ukun nan, wa Barira za ta ɗora a kujerar?