Mai Rainon Dashe da Mai Rainon Yara

An ce wai a wani gari an yi wata malama, Tabawa, wadda ta shekara tara tana koyar da 'yan shekara uku da huɗu. Ita ke share majina, ita ke raba faɗa, amma albashinta ko buhun gero ba ya saye. Da tura ta kai bango, ta je fada zuciyarta cike da baƙin ciki.

Ta ce wa Sarki, "Ranka ya daɗe, ina son yaran nan, amma so ba ya ɗora tukunya. A ƙara mini albashi, a tura ni ƙaro ilimi, ko kuwa in koma ɗinki."

Ma'aji Barau, mutumin da ko sisi ba ya fita hannunsa sai da gumi, ya yi caraf ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, raino ne fa kawai. Kowace mace ta iya."

Sarki ya juyo gare shi. Sai ya hau yabon lambun mangwaron Ma'aji, har ya tambaye shi wa ya fi albashi cikin ma'aikatansa.

Ma'aji ya gyara zama, baki har kunne. "Mati mana, mai rainon dashe. Har birni na tura shi ya koyo auren mangwaro, wato haɗa reshen wani iri a jikin wani. Babbar bishiya, ranka ya daɗe, ko an manta da ita wata guda tana nan. Dashe kuwa, sakacin yini ɗaya ya isa. In ya tashi a karkace, haka zai tsufa."

Tabawa ta sunkuyar da kai tana danne dariya, don ta hango inda aka dosa.

Sarki ya ce, "Jikarka Indo, ajin wa take?"

Ma'aji ya ce a hankali, "Ajin Malama Tabawa." Fada ta kwashe da dariya.

Sarki ya ce, "Kai ka yanke hukuncin, ni sa hannu zan yi. A ba Malama abin da ake ba Mati, a tura ta karatu, gurbinta na jiranta."

Tabawa ta fita tana hawayen murna. Washegari Ma'aji da kansa ya rako Indo ajin Malama, da kwandon mangwaro a hannu.

Masu hankali suka ce, garin da ya fi tattalin dashensa a kan 'ya'yansa zai samu inuwa, ya rasa na kirkin da za su zauna cikinta.