Ranar Da Digiri Ya Ninka Tsohuwar Kwalta

Akwai wani injiniya a kamfanin haɗa kwalta da ma'aikata suka laƙaba wa suna Digiri, don ba ya minti biyar bai ambaci karatunsa ba.

A kamfanin, tsakuwa da yashi ake gasawa cikin wata ƙatuwar ganga mai juyawa, sannan a zuba baƙin mai da zafinsa ya kama su. Tsohuwar kwaltar da aka kankaro daga titi ma ana niƙa ta a ƙara, amma da awo.

Mai kula da gangar wani dattijo ne da kowa ke ce wa Baba. Ranar da Digiri ya ce a ninka tsohuwar kwaltar, Baba ya ɗebi haɗin, ya bari ya ɗan huce, ya dunƙula. Sai ya wargaje masa a hannu.

"Ranka ya daɗe, man da ke jikin tsohuwar nan rana ta gama ƙona shi, ba ya kamu. In ta yi yawa, titin zai fashe."

Digiri ya ƙyalƙyale da dariya a gaban kowa. "Baba, hannunka ne ɗakin gwajin? Zuba kawai."

Baba ya zuba.

Damina ɗaya tak, titin ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Mai kamfani ya tara ma'aikata, ya tsayar da Baba a tsakiya.

"Kai ke kan ganga. Shekara ashirin ka kasa sanin awo? Ajiye makulli ka tafi."

Baba ko kallon inda Digiri yake bai yi ba. Ya ce, "To, a yi haƙuri," ya fara laluben aljihu.

Ƙin tona shi da Baba ya yi ya fi wa Digiri mari ciwo. Kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga ido. Sa'an mahaifinsa zai rasa hanyar abincinsa, kuma har a lokacin asirin Digirin yake rufawa.

"Yallaɓai," in ji Digiri, "ni na sa shi. Ya hana ni, na yi masa dariya."

Aka sauke Digiri daga muƙaminsa, aka tura shi kankare titin da ya ɓata, aka bar Baba a kan gangarsa. Da ya kawo tifa ta farko ta kwaltar da ya kankaro, ya tsaya gaban Baba, kansa a ƙasa.

"Baba, wannan za ta sake shiga ganga?"

"Kaɗan-kaɗan, ɗana. Ɗauko shebur ka zo in nuna maka."

Darasi: Kada takardarka ta sa ka raina wanda ya tsufa a kan aiki, kuma kada ka bar wani ya ɗauki laifinka. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya gyara kafin nasa titin ya fashe.