Shaidar Haladu Mai Faci

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da ba a san gidan kallon ƙwallo ba, wanda duk yake son kallo sai dai ya taka da ƙafarsa zuwa fili. Ana ce masa Haladu mai faci. Ku samarin da kuke can baya, ku matso ku saurara, don labarin nan ku ya fi shafa.

Haladu gyaran keke yake yi a wata 'yar rumfa a bakin titi. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'yarsa tilo tana aure a wani gari mai nisa. Daga masallaci sai rumfa, daga rumfa sai filin ƙwallo. Iyakar duniyarsa ke nan.

To, garin nan ƙungiya biyu gare shi. Akwai Damisa, masu jar riga, 'yan yammacin gari, su ne masu tarin jama'a, kuma kusan kowace shekara su ke cin kofi. Akwai kuma Walƙiya, masu koriyar riga, 'yan gabas, waɗanda kullum sai dai a ce da su Allah ya ba da sa'a baɗi. Gabar da ke tsakaninsu kuwa ba a magana. Ranar da za su kara, mahauci ɗan Damisa ba ya yi wa ɗan Walƙiya gyara. An sha fasa kawuna a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Haladu ɗan Walƙiya ne tun yana saurayi. Shi ke yi wa ƙwallayensu faci, shi ke hura musu iska, bai taɓa karɓar ko anini ba. Da shi da amininsa Tanimu, mai kaɗa wa magoya baya ganga, wuri ɗaya suke zama a fili, kafaɗa da kafaɗa, har furfura ta fito musu. Saboda daɗewarsa aka ba shi shugabancin magoya baya, ba don ya nema ba.

Ana nan, ana nan, sai wani attajiri, Alhaji Labaran, ya ce shi zai ɗauki nauyin Walƙiya. Ya buɗe bakin aljihu, ya kwaso 'yan wasa daga garuruwa, irin waɗanda a da sai dai a ji labarinsu a rediyo. Walƙiya ta fara ci. A je nan ta ci, a je can ta ci. Ran da ta lallasa Damisa, Haladu kuka ya yi, dattijo da shi, a gaban mutane. Saura ƙiris su ɗauki kofi su haura babbar gasa.

Amma fa hukumar gasar tana da doka. An kafa ta ne saboda a baya masu kuɗi sukan zo su kumbura ƙungiya, in sha'awa ta wuce su tafi su bar 'yan wasa babu albashi. Dokar ta ce kada wata ƙungiya ta kashe fiye da abin da ta samu daga kuɗin ƙofa da gudunmawar magoya bayanta. Shi kansa Haladu bai son dokar nan. Yakan ce, "Wannan ai ɗaure talaka ne. Mai jama'a ya yi ta girma, marar jama'a ya dawwama a ƙasa." Kuma wallahi akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Sai dai kowace ƙungiya ta amince da ita kafin a fara gasa, har da Walƙiya.

'Yan Damisa suka kai ƙara. Alhaji Labaran ya ce ai ba kuɗinsa ba ne, magoya baya ne suka yi karo-karo. Aka yi ta ja-in-ja, sai shugaban magoya bayan Damisa, wani mai faɗa da ƙarfi da ake kira Gwadabe, ya miƙe ya ce, "Mu kada a wahalar da mu. A kira Haladu mai faci. Maƙiyinmu ne, amma ba mu taɓa jin ya yi ƙarya ba. In ya ce su suka tara, mun janye."

Kun ji fa. Abokin gaba ne ya faɗi haka.

Washegari da hantsi sai ga motar Alhaji a bakin rumfar Haladu, Tanimu yana gaba. Alhaji ya fito da fara'a, ya zauna a kan bencin da ba a taɓa ganin ya zauna ba.

Ya ce, "Malam Haladu, abu ya zo da sauƙi. Kalma ɗaya za ka faɗa, kofi ya zama namu."

Haladu ya ajiye tayar da ke hannunsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu tara ba ai."

"Na sani. Amma wa aka cuta? Kuɗina ne, halak ɗina, ban saci na kowa ba. Ko kai ba ka ce dokar zalunci ce ba?"

"Na ce, kuma ban janye ba. A je a yi ta faɗa da ita har a sauya ta, ni ne a gaba. Amma Alhaji, in tsaya gaban mutane in ce an yi abin da ba a yi ba, wannan ba zan iya ba. Ka taimake ni, ka je ka faɗa musu da bakinka, ko a sassauta. Ni ba zan kai kaina ba. Amma in an kira ni an tambaye ni, abin da na sani zan faɗa."

Tanimu ya fusata. Ya ce, "Haba Haladu! Tun muna da ƙarfinmu muke jiran wannan rana. Mun sha rana, mun sha jifa, mun sha gori. Yanzu da Allah ya kawo mu bakin gaɓa za ka kifar da jirgin?"

Haladu ya ce, "Tanimu, ka san babu wanda ya fi ni so."

Alhaji ya kaɗa babbar rigarsa ya tashi yana murmushi. A mota ya ce da Tanimu, "Ƙyale shi. In ya ga idon jama'arsa, bakinsa ba zai iya ba."

Ranar zama ta zo. Zauren hukuma ya cika, kore a dama, ja a hagu, wasu har a kan taga. Aka kira Haladu. Ya shigo da tsohuwar rigarsa mai tabon baƙin mai, ya tsaya. Shugaban zaman ya ce, "Malam Haladu, tsakaninka da Allah, kuɗin nan magoya baya ne suka tara?"

Ku saurara, jama'a. Kada ku ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. Ya juya ya dubi ɓangaren dama. Duk fuskar da ya gani ya san ta. Ga wanda Haladu ya je sunan ɗansa, ga wanda suka ɗauki gawar mahaifinsa tare, ga Tanimu rungume da ganga yana gyaɗa masa kai. Zuciya ta ce masa, ka ce ka manta mana, ka ce ba ka da tabbas. Sai da aka maimaita masa tambayar.

Sannan ya ce, "A'a. Ba mu tara ba."

Ɓangaren ja ya kece da sowa. Ɓangaren kore kuwa tsit, kamar an yi mutuwa. Nan take aka zaftare wa Walƙiya maki, ta faɗo daga sama zuwa ƙasa, kofi ya koma hannun Damisa.

Haladu ya fito shi kaɗai. Babu wanda ya zage shi a ranar, kuma da zagin aka yi da ya fi masa sauƙi. Hanya kawai aka riƙa buɗe masa, kowa yana kau da kai.

Daga nan duniya ta yi masa ƙunci. Aka tuɓe shi daga shugabanci ba tare da an ko gaya masa ba. Mutumin gabas ya gwammace ya tura kekensa har kasuwa da ya tsaya a rumfar Haladu. In ya yi sallama a majalisa, sai hira ta mutu. A masallaci akan bar 'yar tazara tsakaninsa da na kusa da shi, sai liman ya ce a haɗa sahu. Tanimu, wanda a da kullum tare suke cin tuwo, ya sauya hanya. Haladu yakan yini a rumfa babu aikin yi, yana goge ƙarafan da ya riga ya goge. In ya koma gida ya dafa ɗan abin da ya samu, ya ci rabi ya rufe rabi.

Ba a nan jarrabawar ta tsaya ba. Wata rana sai ga Gwadabe da mutanensa, da kekuna rututu wai duk gyara suke so, ga kuma sabuwar jar riga a ninke.

Gwadabe ya ce, "Malam Haladu, mutanenka sun yar da kai, mu mun ɗauka. Ka sa rigar nan ran wasa, mu zaga gari da kai a mota. Daga yau ba ka ƙara rasa ciniki."

Haladu ya dubi kekunan nan, ga shi rabonsa da ciniki an kwana biyu. Ya ce, "Gwadabe, na gode. Wanda kekensa ya lalace da gaske ya bari in gyara. Riga kuwa ka mayar. Ni ba don ku na yi ba. Kuna so ku ɗauke ni ku yi wa 'yan'uwana gwalo da ni. Ni ɗan Walƙiya ne, jiya da yau."

Gwadabe ya tsuke fuska ya ce, "Ashe dai ba ka da rabo." Suka kwashe kekunansu duka suka tafi.

Shi ke nan, ya rasa gabas, ya rasa yamma.

Da sabuwar gasa ta kama, ya ɗauki kuɗin ƙofarsa ya tafi fili. Masu tsaron ƙofa, yaran da a gabansa aka haife su, suka ce, "Baba, ka yi haƙuri, an ce kada mu bar ka." Bai yi musu ba. Ya zagaya baya, inda akwai wani tudun tsohuwar ganuwa da ake hango rabin fili daga kansa. Nan ya koma kallo, shi da awaki. In ƙwallo ta tafi ɗaya rabin, sai dai ya bi ta da kunne.

Alhaji Labaran kuwa, da ya ga doka ta hana shi yin yadda yake so, sai ya ce harkar ba ta da daɗi, ya janye. Baƙin 'yan wasa suka watse. Aka koma tattaro samarin unguwa, wasu ko takalmin kirki babu. Kuma duk wannan, wa aka ɗora wa? Haladu.

Ranar karawa da Damisa ta zo. Kafin a tafi hutu an zura wa Walƙiya ƙwallaye har an daina ƙirgawa. 'Yan Damisa suna rawa suna waƙar gori. Magoya baya masu koriyar riga suka fara zamewa, ɗaya bayan ɗaya, wasu suna cire rigar suna cusawa a aljihu. Can sai ɓangarensu ya zama wayam, ganga ma ta yi shiru.

A cikin wannan hali sai aka ji wata murya daga bayan katanga, muryar tsoho, har tana shaƙewa: "Ku tashi, 'ya'yana! Ba a gama ba! Mai tsaron gida, ɗaga kanka!" Yana kiran yaran nan da sunayensu, ɗaya ɗaya, har aka hura tashi. Ba su rama ko ɗaya ba. Amma babu ɗan wasan da ya fita daga fili kafin lokaci.

Da jama'a suka watse, Haladu yana zaune a kan tudu, sai ya ji ana hawowa ana haki. Tanimu ne. Ya zauna ɗan nesa da shi, bai dube shi ba.

Can Tanimu ya ce, "Har yanzu ina jin haushinka."

Haladu ya ce, "Na sani."

"Amma daga nan ai rabin fili kawai ake gani."

"Rabin ma ya ishe ni."

Tanimu ya share fuska da hularsa, ya tashi ya gangara. Bai ce ka yafe ni ba, bai kuma sake hawowa ba.

Na ga kuna jira in ce daga baya gari ya taru ya ba shi haƙuri, ko ya yi arziki. To, ba a yi haka ba. Bayan 'yan shekaru ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa. Waɗanda suka raka shi ba su cika sahu biyu ba. Tanimu ne ya shiga kabari ya karɓe shi, kuma an ce da ƙyar aka fito da shi.

Jama'a, abin da nake so ku riƙe shi ne: faɗin gaskiya a kan maƙiyi ba wuya, kowa gwani ne. Gaskiyar da ake auna mutum da ita ita ce wadda za ta taɓa naka, ta taɓa abin da kake so, ta bar ka kai kaɗai. Shaidar zur ba ta zama halak don naka ne zai amfana, ko don kana ganin an danne ku. Kuma wanda ya ƙi yi maka ƙarya ba maƙiyinka ba ne.

Yau ba a ƙwallo kaɗai muke da kore da ja ba. Akwai su a siyasa, akwai su a kasuwa, akwai su a rikicin gona da na gado, har a cikin gida ɗaya. Za a zo maka a ce, kalma ɗaya ce, ai namu ne. Ranar nan ka tuna, kabari ba a shigarsa da 'yan kallo, kuma ba za a tambaye ka wace riga ka sa ba. In kuwa akwai wani a unguwarku da kuka daina amsa wa sallama don ya faɗi abin da kuka san gaskiya ne, kada ku jira sai ranar da za ku ɗauki makararsa. Ku je yau, tun yana iya amsawa.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kanmu ne, ya sa mu cika da imani. Ku tashi a yi alwala, lokaci ya yi.