Ɗan Wasan da Ya Sayar da In'inar Kawunsa

An yi wani mutum a wani ƙauye da ke gefen Ɗanbatta. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma ba tonon asiri ya tara mu ba.

Allah ya ba shi baiwar kwaikwayo tun yana ƙarami. In ya ji muryarka sau ɗaya, ya ɗauke ta ke nan. In ya ga tafiyarka yau, gobe a ƙafarsa za ka gan ta. Ranar gayya, shi ke sa manoma su manta da ciwon baya.

Daga wasan makaranta ya shiga wata ƙungiya mai bin kasuwanni tana wasan wayar da kai a kan taki da rigakafi. Daga nan sai gidan talabijin a Kano, daga nan sai fim. Ba a taɓa ba shi jarumi ba, shi ma bai nema ba. Shi ne maigadi, shi ne dillali, shi ne surukin da ba a iya masa. Minti biyar zai yi a fim, amma in an tashi kallo maganarsa ake maimaitawa. Shekara goma sha biyar yana cin halaliyarsa, ba wanda ya yi kuka da shi.

Ya 'yan uwa, ku buɗe kunne, ga inda Shaiɗan ya sami ƙofa.

Wata rana wani darakta ya ce yana son tsoho mai ban dariya, irin wanda ba a taɓa gani ba. Mutumin nan bai je da nisa ba. Yana da kawu, Malam Hashimu, yayan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar ubansa. Shi ne ladanin ƙauyen. Yana da in'ina mai tsanani. In magana ta maƙale masa sai ya runtse ido, ya yi ta bugun cinya har ta fito. Amma ikon Allah, in ya ɗaga murya zai kira salla, ko harafi ɗaya ba ya sarƙewa.

Mutumin nan ya kwashe komai, runtse idon da bugun cinyar, har karkacewar hula. Ranar ɗauka, mai kamara ya zube ƙasa don dariya. Fim ya fito, gari ya ɗauka. A tasha ana bugun cinya, a gidan biki ana bugun cinya. Aka yi na biyu, aka yi na uku, aka mai da shi shiri mai dogon zango. Waya ba ta hutawa. Ya sayi mota, ya gina gida a Ungogo, ya ce yanzu ne duniya ta san da zamansa.

Mahaifiyarsa ta aika aka kira shi. Ta ce, "Wannan ba wasa ba ne, yayana ne kake yawo da shi. Ka bari."

Ya ce, "Haba Inna, ai ban ambaci sunansa ba. Sana'a ce."

To, mutanen da suka shekara arba'in suna jin muryar Malam Hashimu, sai an faɗa musu suna? Ranar kasuwa Malam Hashimu ya kai gyaɗarsa Ɗanbatta. Yana buɗe baki, samari suka zagaye shi, wayoyi a sama, kowa yana bugun cinya. Dattijo ɗan shekara saba'in. Ya bar buhun nan a wurin ya juya gida. Tun daga ranar ya daina magana cikin mutane. Sati bai cika ba ya miƙa wa wani lasifikar masallaci.

Sai bidiyon kasuwar ya bazu. Wani ya jera shi kusa da na fim ɗin, ga tsoho yana share hawaye da bakin riga, ga ɗan ƙanwarsa yana kwaikwayonsa. Waɗanda suka yi dariya jiya su ne suka fi kowa tsinuwa. Darakta ya ce shi bai san kawun mutumin ne ake kwaikwayo ba, ya cire shi daga shirin. Waya ta yi tsit. Innarsa ta riƙa mai do masa da duk abin da ya aika.

Wata huɗu yana cewa gobe zai je neman gafara. Kunya ta riƙe shi, girman kai ya taya ta. Ranar da ya je, sai ya tarar da tabarmi a ƙofar gida. An kai Malam Hashimu tun da hantsi.

A soro ya haɗu da Khairiyya, babbar 'yar marigayin. Ya durƙusa, ya ce, "Yaya, ya ce wani abu a kaina?"

Ta ce, "Liman ya tambaye shi ko ya yafe maka. Ya buɗe baki, maganar ta maƙale kamar yadda ta saba. Muka yi ta jira. Ba ta fito ba."

Yau shekara uku ke nan. Ba fim, ba ƙauye, matarsa ta koma gidansu. Yana bin malamai ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, me kawu ya so ya ce? Wa zai ba shi amsa?

Ya 'yan uwa, ba baiwar ce ta kayar da shi ba, izgili ne. Allah ya hana mu mai da halittar wani abin dariya. Laifin da ke tsakaninka da Ubangiji, tuba na wanke shi. Haƙƙin bawa kuwa, sai mai shi ya yafe da bakinsa. Kuma kada mai kallo ya ce ba ruwansa. Su wa suka zagaye tsohon a kasuwa? Su wa suka yi ta turawa a waya?

Duk wanda ya san akwai wanda ya muzanta, kada ya jira gobe. Ya tashi daga nan ya nufi ƙofarsa.

Allah ya jiƙan Malam Hashimu. Allah ya tsare harsunanmu, ya kiyaye mu da ɗaukar haƙƙin bayinsa. Amin.