Hannun da Ya Ciyar da Bishof

Akwai wani manomi mai bin Almasihu a zamanin da ake tsananta wa masu bi. Sarkin ƙasar ya kafa doka cewa kowa ya zuba turare a wuta gaban gunkinsa, wanda ya ƙi kuwa a ɗaure shi. Da aka zo kan manomin, sai ya bi dokar don tsoro. Ya miƙa hannun dama, ya ɗebi turaren, ya zuba, ya koma gida. Bishof ɗin garin kuwa, wani tsoho mai fara'a, ya ƙi. Aka kai shi kurkuku, aka farfasa masa yatsu duka goma.

Bayan shekara uku tsanani ya wuce, aka sako tsohon, ikkilisiya ta shirya masa biki. Amma tun ranar turaren nan ba wanda ya ƙara sa hannu a akushi ɗaya da manomin. Ranar bikin ya zo ya raɓe a bakin ƙofa, kunya ta ishe shi. Ba abin da yake so sai a sake karɓarsa, ga shi ba shi da bakin roƙo.

Aka ajiye tuwo gaban bishof, sai aka tuna ba ya iya yanka loma. Nan fa dattawa suka hau gardamar wanda zai ba shi a baki, har da waɗanda suka ɓuya a rumbu lokacin tsanani, yau su ne masu babbar murya.

Tsohon ya ce, “Ku kira mini wancan na bakin ƙofa.”

Wani dattijo ya ce, “Haba Baba, ai da hannun nan ya zuba turare!”

Tsohon ya ce, “Na sani, ina tsaye a bayansa. Nawa hannun ya riga ya gama aikinsa. Ku bar nasa ya fara.”

Manomin ya durƙusa, ya kai masa loma baki, miya na zuba a gemun tsohon. Ya ce, “Baba, ban isa ba.”

Tsohon ya yi dariya ya ce, “Ɗana, yunwa nake ji, ƙaro loma.”

Manomin ne ya ciyar da bishof har ranar da Ubangiji ya kira tsohon. Mutanen garin suka riƙa kiran bishof ɗin waliyyi, kowace shekara kuma a ranar tunawa da shi, kowa yakan nemo wanda ya ɓata masa rai ya karɓi lomar farko daga hannunsa.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Manomin shi ne kowannenmu da ya taɓa musun Ubangiji don tsoro. Bishof ya bi sawun Almasihu, wanda aka huda hannuwansa, duk da haka ya sake ba Bitrus, almajirin da ya yi musunsa, aikin kiwon tumakinsa. Muna girmama tsarkaka ne in mun yi irin aikinsu. Akwai wanda ka ƙi ci tare da shi shekara da shekaru, ka kuwa san sunansa. Yau ka matsa masa akushi.