Minti Ashirin a Ɗakin Tiyata

Akwai wata ma'aikaciyar asibiti da abokan aikinta ke kira Anti Waya. Idan za a yi wa mutum tiyatar ƙashin baya, ita ke maƙala masa siraran wayoyi a kai da ƙafafu, ta zauna a lungu tana kallon allon na'ura. Muddin layukan allon na tsalle, jijiyoyin majinyaci lafiya lau suke.

Wata rana aka shigo da wani direban tirela. Babban likita na cikin ɗaura masa ƙusoshin ƙarfe a gadon baya, sai layin ƙafar hagu ya kwanta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙafar hagu ta yi shiru. A duba ƙusar nan ta ƙarshe."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Shekara ashirin da biyar ina wannan aikin. Wayarki ce ta zare."

Ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta zare. Ta tambayi mai allurar barci ko ya ƙara magani, ya ce a'a. Ta sake magana. Likita ya ja tsaki.

"Baiwar Allah, talabijin ɗinki ne zai koya mini tiyata?"

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Tana kallon agogo, tana kallon layin da ya ƙi motsi, ba ta da ikon taɓa wuƙa.

A karo na uku ta miƙe tsaye. "Likita, wallahi zan rubuta cewa na faɗa, ba a saurare ni ba."

Don ya rufe mata baki ya sa aka ɗauki hoton ƙashin bayan. Ashe ƙusar ta kauce, ta danne jijiya. Likita ya zare ta da sauri, amma minti ashirin sun wuce, rabin layin kawai ya dawo.

Direba ya farka yana jan ƙafa. Matarsa ta tare Anti Waya a baranda.

"Anti, don Allah, zai sake taka kulocin mota kuwa?"

Anti Waya ta kawar da kai ta wuce. Sai da ta shiga ofis ta rufe ƙofa hawaye suka zubo.

Da hukumar asibiti ta zauna bincike, na'urar ta nuna lokacin komai. Aka dakatar da likita wata uku. Direba kuwa ya yi wata takwas ana gasa masa ƙafa. Yana tafiya yanzu, amma da sanda, kuma ya bar tuƙi.

Ranar da likita ya dawo aiki, ya tsaya a gaban teburinta yana sunkuyar da kai.

"Anti, in kin ga wani abu, ki faɗa da ƙarfi."

Ta ce, "Ranar ma da ƙarfi na faɗa, Likita."

Darasi: Girman muƙami ba ya hana kuskure. Idan na ƙasa da kai ya ce ka dakata, ka dakata ka duba, domin sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba ne ke shan wahalar girman kanka. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙe da amanar rayukan mutane.